Daga Tawa zuwa duwatsun Abzin da igiya a bayan mota: jagora ga abokai masu son hawan dutse

Ba'adare ya san igiya tun yana yaro, don rijiyoyinmu masu zurfi ne. Ya kuma san tafiya, don da wuya ka sami gida a Tawa da ba shi da ɗan ci-rani a Abijan ko Libiya. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne haɗa biyun, wato a naɗe igiya a jefa bayan mota, a yi tafiyar kwanaki, don a hau bangon dutse da hannu da ƙafa, a sauko lafiya. Mu shida muka fara wannan abu, kuma na rubuta jagoran nan ne don samarin da ke yawan tambayata ta ina za su soma.

Magana ɗaya tun farko: rubutu ba ya ɗaure ƙulli. Duk abin da zan faɗa a kan igiya, sai wanda ya iya ya nuna muku da hannunsa, ya kuma tsaya a kanku har ku ƙware. Mu ma wani ɗan'uwanmu da ya koyo abin lokacin da yake karatu a waje ne ya koya mana, kuma shi ne ke da kalmar ƙarshe a gindin kowane dutse. In babu irinsa a cikinku, ku yi tafiyar, ku hau tsaunuka da ƙafa, ku bar igiya a gida.

Mataki na farko: hanya ta buɗu ko ba ta buɗu ba?

Kafin a yi maganar mota ko kuɗi, a yi maganar tsaro. Arewacin jiharmu, wajen Tiliya da Tasara, an sa shi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Abzin ma ya ga tawaye sau biyu, daga 1990 zuwa 1995, sannan daga 2007 zuwa 2009, kuma a na biyun an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarkaten a 2014, zirga-zirga ta ƙaru a arewa, masu tare hanya su ma suka ƙaru. Wannan ba tsoratarwa ba ce, ƙasar da za ku shiga ke nan.

Saboda haka ku tambayi bakuna uku, kada ku tsaya ga ɗaya. Ku tambayi jandarmomi. Ku tambayi direbobin tashar Agadas da suka sauka jiya ko shekaranjiya, don labarin wata guda da ya wuce ya riga ya tsufa. Ku kuma kira ofishin yawon buɗe ido na jihar Agadas, ku ji irin takardun da ake nema da wuraren da aka hana. In akwai baƙo ɗan wata ƙasa a cikinku, dokarsa daban ce, ana iya cewa sai da rakiyar sojoji, ana iya hanawa gaba ɗaya. In biyu daga cikin ukun nan suka ce a dakata, ku dakata. Mun taɓa kwance kayan da muka ɗaure saura kwana biyu mu tashi, kuma har yau ina ganin daidai muka yi.

Mataki na biyu: lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari. Daga Maris zafi ya soma, a Afrilu da Mayu dutse kan yi zafin da tafin hannu ba ya iya jimrewa. Damina kuwa, ruwan da ya sauka a kan tsauni mai nisa yana iya cika kori a gabanku alhali ko ɗigo bai taɓa ku ba, kuma mutanen Agadas ba su manta ambaliyar korin Telwa ta Satumban 2009 ba. Ku duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Ku ware kwana goma, ban da yinin da za ku yi a Agadas: biyu na zuwa, biyu na dawowa, biyar a dutse, ɗaya na ko-ta-kwana.

Mataki na uku: su wa za a tafi da su

Mutum huɗu zuwa shida, ban da direba da jagora. Kada ku zaɓi mutum don ƙarfin damtsensa. Ku zaɓi wanda in an ce masa sauko zai sauko ba tare da gardama ba. Tun a gida ku raba aiki: mai riƙe asusu, mai kula da ruwa da abinci, mai akwatin magani, da shugaban igiya. A haɗa kuɗi wuri ɗaya kafin a tashi, a kuma ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko wani ya ji ciwo. Kowa ya sanar da iyayensa ko iyalinsa gaskiyar inda za shi. Wanda mahaifiyarsa ba ta yarda ba, ya zauna.

Mataki na huɗu: kayan hawa

A nan zan daɗe, don a nan ne araha ke kashe mutum.

Igiyar rijiya da ake sayarwa a kasuwa ba ta hawan dutse ba ce, komai kaurinta. Igiyar hawa tana da zare a ciki da riga a waje, kuma an yi ta ne ta miƙe in mutum ya faɗi, sai ta shanye ƙarfin faɗuwar a hankali. Wadda ba ta miƙewa tana tsayar da mutum ne lokaci guda, duk jijjigar ta tafi ga ƙugunsa da bayansa da abin da aka ɗaura igiyar a jiki. Ku nemi mai tsawon mita 60, kaurinta wajen milimita 10, wadda ke ɗauke da alamar EN 892 ko tambarin UIAA, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya da aka kafa a 1932. Ku sayi sabuwa a cikin ledarta. Gwanjon riga ba laifi, gwanjon igiya kuwa a'a, don ba ku san abin da ta gani ba. Kamfanoni irin su Petzl da Beal da Black Diamond sanannu ne a wannan fanni, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ku ba wani amintacce mai dawowa daga waje saƙo. Da yawa daga cikin masu ƙera igiyar da kansu suna cewa ko ba a taɓa amfani da ita ba, kada ta wuce shekara goma.

Bayan ita kuna bukatar:

- ɗamarar hawa, wadda ke kama ƙugu da cinyoyi, aƙalla guda uku
- hular kwano ta hawan dutse ga mai hawa da duk wanda ke tsaye a ƙasa
- birkin igiya guda biyu, wato ɗan ƙarfen da mai riƙo, wanda ke riƙe wa mai hawa igiya daga ƙasa, ke zura igiya a ciki
- ƙugiyoyi masu kulle guda takwas ko fiye, kowace da lambar ƙarfinta a jikinta, kada ta gaza 20 kN ta tsawonta (kN shi ne ma'aunin ƙarfin da take iya ɗauka)
- madaurai na zobe masu tsawo dabam-dabam, da igiya marar miƙewa mita 20 zuwa 30 don kafa turke kawai, wato abin da ake rataya igiyar hawa a jikinsa a saman dutse
- takalman hawa masu tafin roba, da ɗan buhun garin alli na busar da gumin hannu

Ƙugiyoyin da ake rataya makulli da su, waɗanda ake sayarwa a bakin titi, kamarsu ɗaya da na gaskiya a ido. Kada ko ɗaya ta shiga jakar kaya, don ranar gajiya hannu ba ya bambancewa.

Sai babban makiyin igiya a tafiyar mota, ruwan batir. Yana cin zaren nailan daga ciki, ba tare da ya bar tabon da ido zai gani ba. A tafiyarmu ta biyu, muna loda kaya da asuba a ƙofar gida, yaron mota ya ɗora jakar igiya a kan tsohon batir ɗin da direba ya ajiye a baya don ko-ta-kwana. Shugaban igiyarmu ya haska tocila, ya ga gindin jakar ya jiƙe kaɗan. Ya shinshina, ya yi shiru. Direban ya ce, "Malam, ai ɗan kaɗan ne, a goge mana." Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ran ƙannena zan rataya a jikinta." Ya ciro wuƙa ya yanka ta gunduwa-gunduwa a gabanmu don kada wani ya yi sha'awar ɗauka, muka tafi da ɗayar. Tun ran nan igiya a cikin durom ɗin roba mai murfi take tafiya, nesa da batir da man mota, nesa da rana.

Mataki na biyar: ku koya a gida

Wata biyu kafin tafiya ku soma. Ƙulli ɗaya ne ransa ya fi na sauran, ƙullin takwas, wanda ke haɗa igiya da ɗamara. Kowa ya ɗaura shi har ya iya da ido rufe, ya bar wutsiyar da ta kai tsawon tafin hannu. Sannan ku sami reshen gawo mai kauri ko ƙarfen gini mai ƙarfi, ku rataya igiya, ku koyi riƙo da buhun yashi kafin ku rataya mutum. Dokar riƙo ɗaya ce: hannun birki ba ya sakin igiya, ko ƙuda ya shiga ido, ko waya ta yi ƙara.

Ku kuma gina ƙafa da numfashi. Mutanen Yamai suna da tuddan nan uku na hayin kogi, mu kuma muna da tsaunukan Adar ta wajen Keita da Buza. Ku hau su da ƙafa da jaka a baya. Amma kada ku rataya igiya a jikinsu. Bisansu marmara ce, ƙarƙashinta farar ƙasa da yumɓu, abin da ka kama yana iya biyo hannunka. Haka tsaunin Dogon Dutsi, wanda ƴan Yamai za su gani a hanya, kyakkyawa ne a ido amma ba na igiya ba ne. Abin da ya sa muke wahalar zuwa Abzin ke nan.

Mataki na shida: mota da ruwa

Mota biyu, kat-kat dukansu, kuma in da hali iri ɗaya, don kayan gyaran wannan su shiga waccan. Land Cruiser da Hilux su ne kowane makanike daga Tawa har Arlit ya san cikinsu. Kowace ta ɗauki taya biyu na safiya, jak da katakon da za a ɗora shi a kai, shebur, faranten ƙarfe na fita daga yashi, famfon iska, igiyar ja, bel da matatar mai da ta iska. Ku auna abin da motarku ke sha a kwalta, ku ɗauka cewa a yashi da duwatsu zai ƙaru da rabi, sannan ku ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan jimillar. In kun shiga yashi mai laushi ku rage iskar taya, in kun fito kan tsakuwa ku mayar, in ba haka ba duwatsu su yanka gefenta.

Ga lissafin ruwa yadda muke yinsa. Mutum takwas, kowa lita 8 a yini, sha da girki, lita 64 ke nan. Kwana uku tsakanin rijiya da rijiya, 192. A ƙara na kwana biyu da ba a taɓawa, 128. Jimilla lita 320, jarka 16 masu lita 20, a raba su tsakanin motocin biyu. Yana da nauyi, na sani. Ku rage tufafi, kada ku rage ruwa. Alwala kuwa, addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, akwai taimama in ruwa ya yi ƙaranci, akwai ƙasaru.

Abinci mai jimrewa: shinkafa, makaroni, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, cuku, albasa, shayi da sukari mai yawa. Ku ɗauki gas ko gawayi daga gari.

Mataki na bakwai: hanya

Ƴan Yamai za su biyo ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, su karya a Tsarnawa su yi arewa ta Badagishiri, kusan kilomita 550 zuwa Tawa. Ku kwana a nan, kada ku zarce. Daga Tawa zuwa Agadas kilomita 400 ne da ɗan ɗori, a kan hanyar da aka shimfiɗa don ɗaukar yuraniyom daga Arlit. A takarda tafiyar rabin yini ce, a zahiri ku ba ta yini guda, saboda ramuka da shingayen bincike. Ku tashi bayan sallar asuba. Za ku wuce tabkin Tabalak da masu soya kifi a bakin hanya, ku cika tanki a Abalak, daga nan gari ya soma nisa da gari. Katin ɗan ƙasa da takardun mota su zauna a hannu, a kowane shinge a sauke gilashi, a cire tabarau, a yi sallama. Ba a tafiyar dare, ko da saura kilomita 50 a isa.

Mataki na takwas: Agadas da jagora

Ku kwana biyu a Agadas. Ku je ku ga hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake gina ta a 1844, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Amma babban aikinku a nan shi ne takardu da jagora.

Baƙo ko da ido makaho ne. Taswirar waya tana nuna maka layi, ba ta gaya maka wace rijiya ce ta ƙafe bana, ko wace hanya ce mutane suka daina bi da dalilin da ya sa. Ku ɗauki jagora ɗan yankin da za ku shiga, ta hannun ofishin yawon buɗe ido ko kamfani mai rajista, ku yi ciniki a fili, ku faɗa masa ainihin abin da ya kawo ku. Yawancin jagororin sun saba da masu kallon ƙasa, ba su saba da masu igiya ba, saboda haka ku buɗe jaka ku nuna masa kayan. Ku rubuta hanyarku da ranar dawowa, ku bar kofi ɗaya wurin hukuma, ɗaya wurin wani na gida da zai ɗaga murya in kun wuce lokaci. Layin waya yana ɗaukewa da zarar kun yi nisa da garuruwa. In kuna tunanin ɗaukar wayar tauraron ɗan'adam, ku nemi izinin hukuma tukuna.

Daga Agadas hanya ta bi korin Telwa ta Azel zuwa Dabaga. Daga can ana iya yin gabas zuwa Tabelot a gindin tsaunin Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages take, mita 2,022, wuri mafi tsawo a duk Nijar. Ko a yi arewa ta Elmeki zuwa Timiya, kusan kilomita 220 daga Agadas, garin lemu da rumman a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Ga masu tafiyar farko, ban ga dalilin wuce waɗannan ba. Gabas da arewa da nan akwai gandun Abzin da Tenere, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1991, kuma shigarsa na da nasa izinin daga ma'aikatan gandun daji.

Mataki na tara: zaɓen dutse

Yawancin Abzin giranit ne, dutse mai ƙarfi da kaushi irin na niƙa, wanda roba ke kamawa da kyau. Amma shekaru dubbai na zafin rana da sanyin dare sun sa fatarsa tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Akwai kuma baƙin dutsen aman wuta, kamar wanda ke wajen magangarar ruwan Timiya, wani wurin ƙaƙƙarfa, wani wurin tarin ɓaraguzai. Kada ku zo da tunanin za ku tarar da ƙusoshin da wasu suka kafa. In ma kun ga tsohon ƙarfe a jikin dutse, kada ku dogara da shi.

Ku nemi bango gajere, mita 10 zuwa 15, mai ɗan kwanciya, wanda ake iya zagayawa a hau kansa da ƙafa ta baya, gindinsa kuma shimfiɗaɗɗe. Ku ƙwanƙwasa shi da dunƙulen hannu. In ya amsa da ƙaramin sauti mai tauri, lafiyayye ne. In ya yi amo kamar ƙwaryar da aka kife, akwai rami a bayansa, ku bar wurin. Ku dubi ƙasa: in gindin cike yake da sababbin gutsattsari masu haske, bangon yana zubar da duwatsu. Ku dubi inda rana za ta bi, ku zaɓi fuskar da ke cikin inuwa da safe.

Sannan ku zauna ku yi shiru na minti goma kuna kallon tsagogin. Wannan daga jagoranmu muka koya, wani dattijo Ba'abzine mai ƙarancin magana. Mun sami wani bango ja mai tsaga tun daga ƙasa har sama, har an fara kwance igiya, sai ya ɗaga hannu. Ƙaraminmu ya ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, zauna ka duba can." Muka bi yatsansa. Can wajen mita takwas, ƙudan zuma ne ke shiga suna fita ɗaya-ɗaya daga wani rami da bai fi bakin tulu ba. Mutumin da ke rataye a igiya ba shi da inda zai gudu, mai riƙonsa ma ba ya iya saki ya gudu. Muka naɗe kayanmu muka matsa gaba.

Kuma kowane dutse yana da masu shi. In akwai gari ko zango kusa, a fara zuwa gaida mai gari, jagora ya yi bayani, a kai ɗan shayi da sukari. Akwai wuraren da ke da kaburbura, akwai waɗanda mutane ke girmamawa, akwai masu zanen mutanen da. Raƙuman dawa na Dabus, da aka sassaƙa a dutse tsakanin Agadas da Arlit, babban cikinsu ya haura mita biyar, kuma ƙananan zane irin wannan suna warwatse a kwaruruka da yawa. Bangon da ke da zane ko rubutun Tifinag na Abzinawa ba a hawansa, ba a shafa masa alli, ba a zuba masa ruwa don hoto ya fito.

Mataki na goma: turke da hawa

Salon da ya dace da masu koyo shi ne igiyar sama: igiya ta tashi daga mai riƙo a ƙasa, ta ratsa turke a bisa, ta sauko ga mai hawa. In ya zame, ɗan kaɗan zai sauka ya tsaya.

Shugaban igiya ne ke kafa turke, kuma kafin ya matsa bakin gaɓa sai ya ɗaure kansa. Turke ba ya tsayawa a kan abu ɗaya. A sami biyu ko uku da ba su dogara da juna ba: ƙaton dutsen da ya kafu a ƙasa wanda mutum uku ba su iya motsa shi, ko itace mai rai da ya fi cinya kauri. A haɗa su yadda nauyi zai rabu, kusurwar da ke tsakanin madauran ta zama matsattsiya, ƙasa da digiri 60, don in ta buɗe ta kai 120 kowane ɓangare yana ɗaukar nauyin gaba ɗaya. Mahaɗar ta leƙo ƙasa da bakin gaɓa, da ƙugiyoyi biyu masu kulle, bakinsu na kallon saɓanin juna. A shimfiɗa buhu ko tsohuwar darduma inda madauri ke gogar dutse. Igiyar hawa ta bi ta cikin ƙarfe kawai. In ta goga a kan madauri kai tsaye, zafi zai narka shi cikin ɗan lokaci.

A ƙasa a shimfiɗa tabarma a zuba igiya a kai, don yashi in ya shiga cikinta yana cinta. A ƙulla ƙarshenta don kada ta zare daga birki. Kafin kowane hawa, mutum biyun su duba juna da hannu, ba da ido kawai ba: ɗamara ta ɗauru, ƙulli daidai, ƙugiya a kulle, hula a kai. Mutum na uku ya tsaya bayan mai riƙo ya kama wutsiyar igiya. Kalmomi su zama kaɗan kuma sanannu:

"Yaya, ka riƙe?"
"Na riƙe, ƙane. Bismilla."

Bayan wannan sai "Ja!" in ana son a ɗame igiya, "Saki!" in ana son sassauci, "Sauke ni!" in an gama, da "Dutse!" in wani abu ya ɓalle. Wanda ya ji "Dutse!" ya manne da bango, kada ya ɗaga kai.

Hawan kansa da ƙafa ake yi. Sabon shiga yakan rungume dutse ya ja jikinsa da hannu, minti biyar damtsensa ya mutu. Ka dubi inda za ka sa babban yatsan ƙafa, ka ɗora shi a hankali, ka miƙe a kansa kamar mai hawan tsani, hannuwa a miƙe suna riƙe daidaito kawai. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka gani ba. Hawan farko kada ya wuce mita uku: ka tsaya, ka ce a ja, ka saki dutse ka zauna a cikin ɗamara, ka ji yadda igiya ke ɗauke da kai. Wanda bai ɗanɗana wannan a kusa da ƙasa ba, a sama tsoro zai hana shi sakin dutse. In ƙafa ta soma rawa, ka sauke dunduniya, ka ja numfashi. In ba ta daina ba, ka ce a sauke ka, kuma kada wani a ƙasa ya ce saura kaɗan.

Ku fara da hantsi ku tsaya kafin azahar. Kurakurai da yawa na zuwa ne a hawan da aka ce shi ne na ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji.

Kwana, da abin da za a yi in an ji ciwo

Kada ku kafa zango a cikin kori ko dab da rijiya, dabbobin mutane na bukatar hanya. Guraben ruwan da ke cikin duwatsu abin shan mutane ne da bisashe, ba a shiga da sabulu. Daren ɗari a tudun Abzin yana da sanyi ƙwarai, kowa ya zo da bargo biyu da rawani. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama. Shara ta koma mota.

A akwatin magani a sami bandeji, maganin wanke ciwo, farasitamol, abin ɗaure karaya da gishirin zawo. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya daina fitsari, ko kansa ke sarawa, ko maganarsa ta soma rikicewa, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. Saran kububuwa ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, kada a ba shi asfirin don yana ƙara zubar jini, a kama hanyar asibiti nan take. Wanda ya faɗo ya bugi kai ko baya, kada a ɗaga shi zaune, a kwantar da shi a kan abu mai tauri, wuyansa a tsaye. Babban asibitin jiha yana Agadas, kuma daga cikin duwatsu tafiyar awoyi ce masu yawa, shi ya sa mota ɗaya take zama kullum da mai a tanki, gabanta na kallon hanyar fita, makulli a wurin da kowa ya sani.

Ranar dawowa ku biya jagora cikakken haƙƙinsa a gaban shaida, ku koma ofishin da kuka bar takarda ku ce kun fito. In kun iso gida, a wanke igiya da ruwa zalla a shanya ta a inuwa, sannan mutum ɗaya ya bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, yana neman inda ta yi laushi ko ta kumbura ko rigarta ta yage. A rubuta a littafi kwana nawa ta yi aiki da wanda ya duba ta, a mayar da ita cikin durom a rufe.